Yadda muka sauka a babban otal na bakin ruwa a Legas, da yara da Hajiya

Manyan otal ɗin nan na bakin ruwa a Victoria Island, in ka lura da yadda aka tsara komai nasu, mutum ɗaya suke jira, ɗan kasuwa ko ma'aikacin kamfani da 'yar jakarsa da kwamfutarsa, ya kwana ya yi mitin ya kama gabansa. Iyakaci su yarda ya zo da matarsa. Mu kuwa mu shida muka doso su, ni da Abban yara da yara uku da Hajiya mahaifiyarsa, ga akwatuna ga kula ga buta a leda. Ana jin daɗi fa, sosai ma, amma kusan kowane mataki sai ka buɗe baki ka tambaya, abin da ba ka tambaya ba kuwa a bil za ka haɗu da shi.

Aiki ne ya kai Abban yara Legas a watan Agusta, ya zo daidai da dogon hutun makaranta, wurin aikinsu za su biya masa ɗakinsa, sai ya ce to mu ƙara ɗaya mu tafi gaba ɗaya. Hajiya kuma dama ta yi zaman Obalende lokacin marigayi Alhaji yana aikin gwamnatin tarayya, tun da aka mayar da babban birni Abuja a 1991 suka taso ba ta sake leƙawa ba, don haka da aka ce Legas ba ta yi musu ba, wanda ba halinta ba ne in an yi maganar jirgi.

Ni aka bar wa kama ɗaki. A intanet farashin da za ka fara gani na manya biyu ne, ina canzawa na sa manya uku yara uku sai shafin ya ce wai babu ɗaki, alhali ɗakuna na nan birjik, lissafin iyali irin namu ne bai shiga tsarinsu ba. Sai na ɗauki waya na kira risefshan, kuma gaskiya duk wanda zai je da iyali kiran nan ya fi masa komai. A nan aka faɗa min dokarsu, ɗaki ɗaya manya biyu da ƙananan yara da za su kwanta a gadon da ke ciki, in kana son ƙaramin gado na ƙari akwai kuɗinsa daban duk dare. Na ce akwai ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani? Ta ce akwai amma ba sa alkawari sai abin da ya samu ranar. Na ce 'yar'uwa tsohuwa ce da mu da yara ƙanana, ba zai yiwu a ajiye su a hawa na uku mu a na bakwai ba, a taimaka a rubuta. Ta rubuta, na ce a turo min ta imel, aka turo. Wannan imel ɗin shi ya cece mu daga baya.

Sai maganar ɓangare. Farashi biyu ne, ɗakin da ke kallon gari da wanda ke kallon ruwa, girmansu ɗaya gadonsu ɗaya taga ce kawai ta bambanta, amma kuɗin da ke tsakani ba kaɗan ba ne. Na so in yi dabara in kama ɗaya nan ɗaya can, ashe masu ƙofa a tsakani dole layi ɗaya suke, ko duka ruwa ko duka titi. Ra'ayina dai, in mutum zai kama mai kallon titi to babu dalilin zuwa bakin ruwa tun farko, akwai otal masu kyau a cikin gari da suka fi sauƙi, tagar nan ita kake saya. Muka rufe ido muka kama na ruwa.

Abu na gaba da na tambaya shi ne ko farashin ya haɗa da haraji, kuma bai haɗa ba. A Legas abu uku ake ɗorawa, VAT na tarayya kashi 7.5 cikin ɗari, wanda aka ɗaga daga kashi 5 a 2020, sai harajin jihar Legas na kwanan otal da cin abinci kashi 5, sai kuɗin hidima na otal ɗin kansa wanda yawanci kashi 10 ne. A ce ɗaki naira 200,000 ne misali, to ƙarin ya kai 45,000, ka ga 245,000 kenan duk dare, kuma ba a ɗaki kaɗai ba, ko ruwan shayi ka sha a wurin cin abincinsu haka za a ɗora masa. Na rubuta wannan a takarda na manna wa Abban yara, don shi mutum ne mai son cewa a kawo kawai.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Ikeja wajen awa ɗaya da rabi ne. Mu shida da kaya ƙaramar motar Uber ko Bolt ba za ta kwashe mu ba sai an raba biyu, Hajiya kuma ta ce ba za a raba ta da jikokinta a garin da ba ta gane shi ba yanzu, sai muka ɗauki bas ɗin otal, da tsada amma direba na tsaye da kwali da sunan Abban yara muna fitowa. Muka bi ta Oshodi da Gbagada muka hau gadar Third Mainland, kilomita 11.8 a kan ruwa, Babangida ne ya buɗe ta a 1990. Yara suka yi tsit suna leƙe, ga gidajen katako na Makoko a tsaye cikin ruwa da hayaƙin masu banda kifi, ga kwale-kwale. Hajiya ta ce su gadar Carter da ta Eko suka fi sani, wannan ana gama ta ba da jimawa ba suka bar garin. Ta Ikoyi muka sauka muka haye gadar Falomo sai ga mu a tsibirin.

A ƙofa sai da aka duba ƙarƙashin mota da madubi aka buɗe but, kaya kuma suka bi ta na'ura. Kular nan ta ja ido, wani ya tambayi me ke ciki, na ce abincin tsohuwa ne, ya kalli Hajiya ya gaishe ta ya ce a wuce. Jirgin safe muka biyo don haka kafin azahar mun iso, su kuma sai ƙarfe biyu suke ba da ɗaki, mai fita yana fita sha biyu a gyara. Suka karɓi akwatuna suka ɗaura musu lamba suka ba mu rabin takardar, muka zauna a falon ƙasa, sanyin esi na kaɗawa ana sakin wani kiɗa a hankali, autana kuma ya gano ƙasan wurin na da santsi ya fara gudu yana zamewa, duk wanda ya wuce sai ya yi min murmushin nan na kama ɗanki.

Da lokaci ya yi aka nemi katin shaida na kowane babba, har Hajiya, Allah ya sa takardar NIN ɗinta na cikin jakata. Sai matashin ya duba kwamfuta ya ce ɗakunanmu ɗaya a hawa kaza ɗaya a hawa kaza. Ban ce komai ba na buɗe imel na miƙa masa waya. Ya karanta, ya shiga ciki, ya fito da wata babbarsu, suka yi ta danne-danne, ta ce in za mu ƙara haƙuri kaɗan akwai masu ƙofa a tsakani ana gyarawa. Muka ƙara haƙuri.

Sannan aka zo kan kuɗin ajiya. Bayan an biya kuɗin ɗaki kaf, sai sun riƙe wani kuɗi daban na ko-ta-kwana a kan kowane ɗaki, ko a kati ko ta tiransfa, in kun tashi tafiya a cire abin da kuka ci a mayar muku da saura. Hajiya na jin ana maganar kuɗi ta matso.

"Ke 'yar nan, kuɗin me kuma? Ba shi wannan ya ce an biya ba?" Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"An biya Hajiya, wannan na ajiya ne, wai ko mu ci wani abu ko yara su fasa wani abu."

"To Allah ya kyauta. Tun ba mu shiga ba an fara zarginmu."

Abban yara ya ba da katin banki aka riƙe a ciki. Na tambayi yaushe yake dawowa aka ce su suna saki ranar fita, saura kuma aikin banki ne, na ce a ba mu risit ɗinsa daban, aka ba mu.

Kati ne mabuɗin, shi za ka kara a lif kafin ta yarda ta hau, kuma hawanka kaɗai za ta kai ka. A ɗaki akwai ramin da za ka zura shi a bango wuta ta kawo, in ka zare ka fita komai ya mutu har cajin waya, don haka na roƙi kati bibbiyu kowane ɗaki, kyauta ne in ka tambaya. Wanda ya hawo mana da kaya ya ja labule, wallahi a nan na yafe musu jiran da muka yi. Taga ce daga ƙasa har sama, ruwa shimfiɗe a gabanka, tsallake ga Ikoyi da dogayen gidajenta, jiragen ruwa ƙanana masu inji suna tsaga ruwan suna wucewa da mutane sanye da rigar kariya, ta gefe gadar Falomo motoci sun yi layi, can da nisa kuma gadar Lekki zuwa Ikoyi mai doguwar hasumiya da igiyoyi, wadda aka buɗe a 2013 zamanin Fashola, da dare in an kunna mata fitilu ba a magana.

Amma fa kada hoto ya ruɗi mutum, wannan ba teku ba ce. Five Cowrie Creek ake ce masa, reshen ruwa ne da ya raba Ikoyi da Victoria Island, babu igiyar ruwa babu rairayi, kuma launinsa ba shuɗi ba ne, kamar shayin da aka ɗiga wa madara kaɗan yake. Wani lokaci za ka ga robobi da ledoji da ciyawar ruwa suna yawo a gefe, in ka sauka bakinsa da rana kuma iska kan kawo wani ɗan ƙarni. Daga sama bayan gilashi ya fi kyau nesa ba kusa ba. Yarana da suka taho da zancen teku tun daga Kano sai da na yi musu bayani cewa ita tana ɗaya gefen tsibirin, wajen titin Ahmadu Bello.

Kafin in bar yara su sake na buɗe ƙaramin firij. Lemo, cakulan, gyaɗa a gwangwani, da kwalaben giya ƙanana a jere, ga takardar farashi a gefe wadda in ka karanta sai ka rufe firij ɗin da bismillah. Na kira ƙasa na ce a zo a kwashe komai a ɗakunan biyu, kuma a rubuta an kwashe. Suka zo suka kwashe ba gardama, firij ya zama namu, na zuba maganin Hajiya da madarar auta da ruwan da muka saya. Ruwa ma abin lura ne, kwalba biyu suke ajiyewa kyauta duk rana, wata babba mai kyau da ke kan tebur ta kuɗi ce, mutum shida kuwa kwalba huɗu ko azahar ba za ta kai ba, sai Abban yara ya shiga wani babban kanti a titin Adeola Odeku ya ɗauko katan.

Banɗaki shi ne inda aka fi nuna ba mu aka yi wa ginin ba. Bangon da ke tsakaninsa da ɗaki gilashi ne, sai ka sauke wani labule, da yara a ɗaki kuwa wannan labulen ba a sake ɗaga shi ba har muka tafi. Babu buta babu famfon tsarki, takarda ce kawai, ƙasan kuma babu magudana sai cikin wurin wanka, in ruwa ya zuba nan zai kwanta ga santsi. Butarmu da na ji kunyar ɗaukowa ita ta zama sarauniya, sai da aka sayo ta biyu. Hajiya ba ta iya ɗaga ƙafa zuwa wurin wanke hannu ta yi alwala, na tambayi mai gyaran ɗaki ko akwai 'yar kujerar roba, ta kawo wata da suke ajiyewa don masu lalura, muka sa a wurin wanka tana zama ta yi alwalarta hankali kwance. Tawul na ƙasa ma na ce a ƙaro. Duk waɗannan suna da su fa, ba dai za su kawo ba sai ka ce.

Alƙibla babu alama a ɗakin, na duba durowa na duba silin. Manhajar waya ta nuna gabas maso arewa, Hajiya ta ce ita ba za ta bi waya ba, sai da Abban yara ya sauka ya sami wani mai gadi ɗan wajen Sakkwato ya tabbatar masa, har ya nuna masa inda ma'aikata Musulmi ke jam'i ta bayan ginin kusa da wurin ajiye motoci, daga ranar can yake sallarsa. Kiran sallah ba ya shigowa ko kaɗan, taga ba ta buɗuwa, sai ka saita ƙararrawa, kuma lokacin Legas ya ɗan fi na Kano jinkiri, magariba sai wajen bakwai. Esi kuma Hajiya ta ce yana shigar mata ƙashi, kashewa kuma ɗaki ya yi gumi tunda ba a buɗe taga, sai muka rage masa sanyi sosai muka nemo ƙarin bargo. Agusta dama Legas da ɗan sanyi-sanyi, ruwan sama kan ɗan tsagaita a watan.

Karin kumallo na mutum biyu ne a kowane ɗaki, wato huɗu, mu kuma shida. Dokarsu ƙaramin yaro kyauta, mai matsakaicin shekaru rabin kuɗi, sai muka lissafa manya uku da babbar 'yata su ne huɗun, na tsakiya rabi, auta kyauta, kuma na sa aka rubuta haka a bakin ƙofar wurin tun safiyar farko don kullum sai sun tambayi lambar ɗaki. Abinci kam ba laifi, a jere yake ka ɗiba da kanka iya cikinka, doya da miyar ƙwai, ƙosai, alale, kamu, farfesu, burodi kala-kala, kayan marmari, ga mai soya ƙwai a gabanka yadda kake so. Inda ake taka-tsantsan shi ne layin abincin Turawa, akwai naman alade a yanka sirara da kuma cikin wasu sosej ɗin, an rubuta a ƙananan katuna amma yaro ba karantawa zai yi ba, shi dai ya ga abu ja yana ƙamshi. Na zaga da su na nuna musu tiren da ba a taɓawa. Mai ƙwai ma na ce ya canza min kasko ya sa sabon mai, ya ce ai suna da na daban dama, ya ɗauko.

Hajiya ta ɗanɗana kamun ta ce tsami ya yi amma babu kayan ƙamshi, ƙosan kuma babu yaji, washegari sai ga ta da ƙullin yajinta a gefen zani, tana barbaɗawa weta na kallo. Na tsakiyan ya ce, "Hajiya za ki ba mu kunya a gaban Turawa." Ta ce, "Tafi can, mijin da ko sisi bai bayar ba a tafiyar nan shi ne mai bakin magana." Kafin mu tafi wetan nan da kansa ya roƙi a sam masa yajin.

Dabarar da muka yi ita ce mu sauko a makare, wajen tara da rabi kafin su kwashe, kowa ya ci ya yi nak, rana sai a yi maneji da abin da muka taho da shi, kilishi da dambun nama da cincin, ga butar lantarki a ɗaki ana haɗa shayi. Mun taɓa sa a kawo mana abinci ɗaki da dare, faranti ya zo da murfin ƙarfe da fure a gefe, shinkafa dafa-duka da kaza, daɗi kam akwai, amma da na haɗa da kason nan uku har da kuɗin hawo da shi sai na ce an gama. Odar waje ana yi ta manhaja, sai dai mai kawowa ba ya wuce geti, kai za ka sauka ka karɓa ka shigo da ledarka ba tare da ka yi ta kaɗa ta a falo ba.

Wurin ninƙaya yana can ƙasa dab da ruwa, kuma wuri biyu ne a wuri ɗaya in ka duba lokaci. Da sassafe babu kowa sai mai share ganye, nan nake kai yara su yi ta facal-facal, ni ina zaune da hijabina ba mai kallona. Ba sa yarda a shiga da kayan gida, sai rigar ruwa, amma doguwa mai rufe jiki da na saya wa babbar ba su hana ba. Mai kula da masu wanka ba koyaushe yake tsaye ba, tsakanin farfajiyar da ruwan Five Cowrie ɗin kuma ƙarfe ne da auta zai iya zura kai, don haka ido ba ya sauka ko na minti ɗaya. Daga la'asar wurin ya juye, mashaya ta buɗe, kiɗa ya tashi, shigar mutane ta canza, mu kuma sai mu tattara mu hau sama. Daren Juma'a da Asabar kiɗan nan har tsakar dare yana dukan gilashi, ɗakinmu kuma saitinsa yake. Na kira na yi ƙorafi aka ba da haƙuri aka ce akwai ɗaki a can sama ɗaya gefen amma ba masu ƙofa a tsakani ba, muka zauna a namu. Mai zuwa da tsoho ko jariri ya tambayi ina mashayarsu take tun a waya, ya ce a nisanta shi da ita.

Fita kuwa sai ka yi lissafi da gosulo, da safe motoci tsibirin suke shigowa da yamma su fita, in ka bi su a lokacinsu tafiyar da ba ta kai komai ba sai ta cinye maka awa, ga acaɓa an hana a yankin. Tsakanin sha ɗaya zuwa uku muka riƙa yawonmu. Mun je gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, inda motar Janar Murtala take, Marsandin da aka harbe shi a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, ramukan harsashi na nan a jikinta. Yara sun san shi a jikin naira ashirin ne kawai. Hajiya ta daɗe a tsaye a wurin, ta ce ranar suna Obalende, kusa da barikin Dodan, aka rufe ƙofofi ba mai fita sai rediyo, ta yi masa addu'a muka fito. Dandalin Tafawa Balewa na nan kusa, inda aka yi bikin karɓar mulki a 1960 lokacin filin sukuwa ne, mun tsaya an ɗauki hoto da dawakan ƙofar. A hanya ina karanta sunayen tituna na ga na Musa 'Yar'aduwa, Abban yara ya ce ai shi ne Ministan Harkokin Legas a jamhuriya ta farko, mahaifin Shehu da Umaru, ni dai sai ranar na haɗa zancen.

Abin da ya fi ba Hajiya mamaki Bar Beach. Tun a Kano take ba yara labarin yadda suke zuwa ranar Lahadi da dawakan haya da masu fararen riguna suna addu'a a bakin ruwa, har da lokacin da sojoji ke ɗaure 'yan fashi a jikin durom a harbe a wurin jama'a na kallo. Muka bi titin Ahmadu Bello tana ta leƙe tana cewa yanzu za ku gani, babu. An cike wurin da yashi an tura tekun baya ana gina sabon gari, Eko Atlantic. Ta ce wa direba ya ɓata hanya, ya rantse mata nan ne. Don kada yara su koma ba su hau ruwa ba Abban yara ya kai su tashar jiragen ruwa ta Falomo aka sa musu rigar kariya aka zaga da su, ni da Hajiya muna kallo daga tudu, ta ce ita jirgin sama ma da ƙyar balle wannan. Da dare aka biya Obalende aka sayo tsire, a can ta sami masu Hausa ta zauna a benci tana tambayar gidajen mutanen da ta sani, wasu an rushe wasu ba wanda ya ma san sunan.

Ana gobe za mu tafi na sauka risefshan da dare na ce a buga min bil ɗin ɗakunan biyu, don da safe layi ake yi kowa na sauri ba ka da natsuwar karantawa. Na hau da shi na zauna da biro. Sai ga kayan firij an rubuta mana, firij ɗin da aka kwashe tun ranar farko, sai kuma karin kumallon na tsakiya an sa cikakken kuɗi a wata safiya maimakon rabi. Na koma na nuna, ya duba inda aka rubuta an kwashe, ya ba da haƙuri ya goge, na kumallon ma ya gyara, kowanne kuma da aka cire sai kason harajinsa ya bi shi. Wanki ne kawai ba gardama, Abban yara ya ba da kaftani biyu a wanke a goge, kuɗin ya kusa ɗinka sabo. Na roƙi a ƙara mana lokaci tunda jirgin yamma ne, suka ba mu zuwa ƙarfe biyu a ɗaki ɗaya kyauta, ɗayan muka sake shi sha biyu muka tara kaya a na Hajiya. Mai gyaran ɗakin da ta kawo kujera da mai gadin nan na alƙibla muka ba su ɗan ihsani hannu da hannu, don kuɗin hidimar da ke bil ba na jin daɗin dogara da shi.

Duk da haka ba mu kai biyun ba, direba ya ce in muna son jirgi mu bar tsibirin kafin ma'aikata su taso, gara mu yi zaman jira a Ikeja da mu yi shi a kan gada. Kuɗin ajiya kuwa otal suka ba mu takardar sun saki a ranar, muka dawo Kano shiru, mako ya zagayo shiru, sai da Abban yara ya ɗauki takardar da risit ɗin farko ya je banki ya cike fom, sannan alat ya shigo.